Ƙidayar Mutanen Da Da Ta Zamani A Ajin Yaranmu

 

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, iyayenmu malamai da suka riga mu riƙe alli, 'yan'uwana malamai maza da mata, iyayen yara, da ɗalibanmu da na hango can baya a tsaye don kujeru sun ƙare, barkanku da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da suka ga ya dace in tsaya gabanku, alhali a ɗakin nan akwai waɗanda suka fara koyar da lissafi tun ban san dama da hagu ba. Allah ya saka da alheri.

Batun da aka ɗora mini shi ne koya wa yara tsarin ƙidaya na mutanen da da na zamani. Na san wani na cewa a ransa: yaran da har yau muke fama da su a kan bakwai sau takwas, ina su ina ƙidayar Fir'auna? Tambayar tana kan hanya, kuma ita zan yi ta amsawa har in zauna. Abin da na zo karewa guda ɗaya ne. Yaron da bai taɓa ganin wata hanyar rubuta lamba ba sai wannan tamu, da wuya ya gane yadda tamun take aiki. Zai hardace ta, ya ci jarrabawa ma, amma ka tambaye shi me ya sa 2 ɗin da ke cikin 25 ta fi 5 ɗin nauyi, sai ya yi ta kallon rufi. Zan bi maganar a kan abubuwa bakwai, wasu zan daɗe a kansu, wasu in wuce da sauri.

Na farko, mu fara da kuskuren da duk malamin firamare ya sani. Ka ce yara su rubuta ɗari da biyar. In ka zaga ajin, za ka tarar da waɗanda suka rubuta 1005. Mu kan ja jan biro, mu ce yaron ba ya ja. To, ku dube shi da kyau. Ya ji "ɗari", ya rubuta 100. Ya ji "da biyar", ya ɗora 5 a gefe. Ina rashin hankali a nan? Abin da kunnensa ya ji shi hannunsa ya rubuta. Kuma wannan ita ce ainihin hanyar da Misirawan da suka yi dubban shekaru suna rubuta lamba da ita.

Su Misirawa kowane mataki da alamarsa. Ɗaya, sanda ce a tsaye. Goma, wata alama ce mai lanƙwasa kamar dabaibayin dabba. Ɗari, nannaɗaɗɗiyar igiya. Dubu, furen bado. Dubu goma, ɗan yatsa. Dubu ɗari, ɗan kwaɗo tun yana da wutsiya. Miliyan kuwa, mutum ne ya ɗaga hannuwa sama. In suna son ɗari da biyar, sai su zana igiya ɗaya da sanduna biyar, shi ke nan. Babu ruwansu da sifili, domin ba su da gurbin da zai zauna fanko. Da wannan suka auna gonaki bayan ambaliyar Kogin Nilu, suka raba wa ma'aikata gurasa, suka gina dalar Giza. Akwai takardar lissafi da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, tana nan a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, cike da tambayoyi irin na rabon gurasa da awon rumbu.

Saboda haka in yaro ya rubuta 1005, ni ba zan soke ba tukuna. Zan ce masa, "Ka rubuta irin ta Misirawa, zo in nuna maka tasu." In ya ji daɗinta, sai in ce ya rubuta mini 999. Igiya tara, dabaibayi tara, sanda tara: alama 27. Kafin ya gama hannunsa ya gaji. A nan ne zan tambaye shi: yaya aka yi mu muke rubuta wannan da alama uku kacal? Daga ranar tambayar ta zama tasa, ba tawa ba.

Na biyu, lambobin Romawa. Waɗannan suna cikin manhajarmu ta firamare, kuma, ku gafarce ni, ɓata su muke yi. Mu rubuta I, V, X, L, C, D, M a allo, yara su rera, ranar jarrabawa a ce su mai da 49 zuwa ta Romawa, a wuce. Me yaro ya ƙaru da shi? Ya iya karanta fuskar wani agogo da lambar babi a littafi. Alhali amfaninsu a aji ya fi haka nesa. Ku ba yara XLVII su ninka da XIX, ku hana su mayarwa zuwa lambobinmu, ku ba su minti biyar. Za su jera su sama da ƙasa yadda suka saba, su ga abin ya ƙi. Su kansu Romawan ba a rubuce suke yin irin wannan lissafi ba. Allo gare su mai layuka, suna tura tsakuwa a kai, in sun sami amsa sannan su rubuta ta. Bayan minti biyar ɗin ku ce to a yi 47 sau 19. Nan da nan za a kawo muku 893. Yaron da ya sha wuyar farko ya san darajar ta biyu. Ku ƙara masa da shekarar 1888, wadda a wurin Romawa sai an jera harafi 13: MDCCCLXXXVIII.

Na uku, Babila, wato ƙasar Iraƙi ta yau. A nan ne, kimanin shekara 4,000 da suka wuce, aka yi dabarar da ita ce zuciyar maganarmu: darajar alama ta dogara da gurbin da ta zauna. Abin kamar zaman fada ne. Mutum ɗaya ne, amma inda aka zaunar da shi shi ke faɗin matsayinsa. Marubutan Babila a kan ɗanyen yumɓu suke rubutu, da tsinken kara. Alama biyu kawai gare su, ta ɗaya da ta goma, da su suke haɗa kowace lamba har 59. In an kai 60 sai a matsa gurbi na gaba a sake dangwala ɗaya. Wato inda mu muke cika goma mu matsa, su sai sun cika sittin.

Wani zai ce wannan ai ya mutu da masu shi. Ku dubi hannunku. Masu shirya taron nan sun ce in yi minti arba'in da biyar, kuma na ga shugaba yana duban agogonsa. Awa minti 60, minti daƙiƙa 60, da'ira digiri 360: duk gadon Babila ne. Minti 75 mu kan ce awa ɗaya da minti 15. Haka Bababile zai rubuta 75, ɗaya a gurbin sittin, sha biyar a gurbin ɗaiɗai. Yaranmu suna yin wannan lissafi kullum ba su sani ba, kuma a nan suke tuntuɓe. Ka ce mota ta tashi 1:45, ta yi tafiyar minti 30, ƙarfe nawa ta isa? Wani zai rubuta 1:75. Wani kuma yana ganin awa 1.5 awa ɗaya ce da minti hamsin. Ba za ka gyara wannan da tsawa ba. Sai ka nuna masa cewa tsari biyu ne ya cakuɗa, na goma da na sittin.

Me ya sa sittin ta daɗe haka? Domin tana da daɗin rabo. Goma ba ta rabuwa daidai sai gida 2 da gida 5. Sittin kuwa tana rabuwa gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30. Ku zuba wa yara tsakuwa goma ku ce mutum uku su raba, za a yi rigima a kan guda ɗaya. Ku zuba sittin, kowa ya ɗauki ashirin lafiya. Malamanmu na ilmin gado sun san wannan sarai. In mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, ba a fara lissafin daga goma. Daga 24 ake farawa, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saboda 24 ce ke rabuwa gida takwas ta kuma rabu gida shida. Tunanin ɗaya ne: ka zaɓi adadin da rabo zai zauna a kansa ba tare da gutsure ba.

Sai dai tsarin Babila yana da rami. Da daɗewa ba su da alamar gurbin da babu kowa. Dangwale ɗaya yana iya zama 1, yana iya zama 60, yana iya zama 3,600, sai mai karatu ya duba zancen ya gane. Ku sa yara su rubuta wa juna bashi a kan yumɓu da wannan tsari, ku ga gardamar da za ta tashi tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Wannan gardama ita za ta kai mu ga abu na gaba.

Na huɗu, sifili. Mu kan koyar da shi a makon farko na aji ɗaya, mu ce "sifili ba komai ba ne", mu wuce. To in ba komai ba ne, me ya raba 15 da 105 da 1,005? Wa zai yarda a biya shi naira 15 a maimakon 105 a ce ai ba komai aka cire ba? Sifili mai tsaron gurbi ne. Shi ke cewa nan gidan gomomi ne, yau babu kowa a ciki, amma kada wani ya zauna.

Duniya ta daɗe kafin ta kai ga wannan. A Indiya aka haɗa abubuwan uku wuri ɗaya: alama tara, darajar gurbi, da sifili. A shekarar 628 wani masani mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, ya ɗauke shi lamba mai zaman kanta, wadda in ka tara ta da wata lamba ba abin da ya canja, in ka ninka da ita komai ya koma sifili. A wani ɗakin bauta da ke garin Gwalior akwai rubutu a jikin dutse na shekarar 876, inda aka rubuta 270 da ɗan zagayen sifili kamar yadda za mu rubuta yau. Daga Indiya ilmin ya zo Bagadaza, inda Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin Indiyawa wajen shekarar 825, zamanin Halifa Ma'amun. Daga nan ya bi Arewacin Afirka da Andalus. Wani ɗan Italiya, Leonardo na garin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koye shi yana yaro a Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aikin fatake. A 1202 ya fitar da littafinsa yana tallata wa Turawa wannan hanya. Kun ɗauka da gudu suka karɓa? A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana 'ya'yanta rubuta littattafan kuɗi da waɗannan lambobi. Daga Brahmagupta zuwa wannan hani shekara 671 ce, kuma Turai ba ta gama sakin lambobin Romawa ba sai bayan wasu ƙarnoni. Abin da ya ɗauki manyan masana da attajirai wannan tsawon lokaci, shi muke so ɗan shekara shida ya haɗiye cikin mako guda, in ya kasa mu ɗauko bulala.

A can wata nahiyar kuma, mutanen Maya na ƙasar Meziko da Gwatamala sun gano nasu sifilin ba tare da sun ji labarin Indiya ba. A wurinsu ɗigo shi ne ɗaya, layi shi ne biyar, sifili kuma hoton ƙwanso, suna matsawa gurbi a kan ashirin. Yara suna son wannan, don da tsakuwa da tsinke da murfin kwalba an gama haɗa kayan aiki.

Kafin in bar nan, ga wani abu da ke gabanmu kullum. Yaron da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, rubutun lamba iri biyu yake gani. A lambobin shafin Alƙur'ani bugun Gabas, sifili ɗigo ne, biyar kuma ita ce mai kama da zagaye. Ya zo boko, zagaye ya zama sifili. Akwai malamin da ya taɓa zaunar da shi ya ce masa tsarin ɗaya ne, zanen ne kawai ya bambanta, kuma duka biyun daga Indiya suka taso? Darasin minti goma ne, amma ba mu yi.

Na biyar, kuma a nan zan fi daɗewa: ba sai mun je Masar ko Babila ba. Ƙasar Hausa cike take da tsare-tsaren ƙidaya, wasu sun kwanta, wasu suna nan da ransu a kasuwa.

Ku ɗauki bakinmu. Daga ɗaya zuwa goma namu ne. Ashirin, talatin, arba'in har casa'in daga Larabci muka karɓo, haka metan da arbaminya da hamsaminya da tsofaffi ke faɗa. Kafin su, gomiya biyu ake cewa, gomiya uku, gomiya huɗu. Ku gwada wannan a aji ɗaya. Yaron da aka ce masa "gomiya huɗu da bakwai" an riga an gaya masa abin da zai rubuta a kowane gurbi: 4 a gidan gomomi, 7 a gidan ɗaiɗai. Ban ce a daina cewa arba'in ba. Na ce tsohuwar hanyar tsani ce, a taka ta a hau. Sannan muna cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Wannan fa shi ne abin da Baroma ya yi da ya sa I a gaban X ya ce tara. Maƙwabtanmu Yarbawa sun fi kowa nisa a wannan fanni: ashirin-ashirin suke ƙirga, suna ɗebewa. Arba'in da biyar a wurinsu hamsin ba biyar ce, hamsin ɗin kuma ashirin uku ba goma. In akwai ɗan Bayarabe a ajinka, ka sami malami kyauta a ranar.

Sai zamanin wuri. Kakanninmu suna da hauya, wato ashirin, da zangu, wato ɗari, da zambar ta dubbai, da keso mai cin wuri 20,000. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ake ƙirgar wuri a ƙasar nan: ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, zube shi ake yi, mai ƙirga ya riƙa ja biyar-biyar da yatsu yana tara tsibi-tsibi. Ku duba hikimar: biyar-biyar zuwa tsibi, tsibi zuwa babban tsibi, babban tsibi zuwa buhu. Darajar gurbi ke nan a ƙasa, ana gani da ido, ana taɓawa da hannu.

Sai kuɗin Turawa, wanda da yawa a ɗakin nan sun kashe shi. Kwabo 12 sule, sule 20 fam, wato kwabo 240 a fam guda. Ga ahu, ga taro, ga sisi, ga nai. Iyayenmu mata da ba su taɓa shiga aji ba suna sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da wannan tsari mai hawa biyu, na sha biyu da na ashirin, kuma ba a cutarsu ko anini. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma naira da kwabo, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Amma har gobe a kasuwar dabbobi da ta hatsi za ka ji ana ciniki da jaka, wadda asalinta fam ɗari ce, wato naira 200.

Ku ƙetara zuwa Maraɗi ko Damagaram. Can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya tamma biyar. Mai tumatir ta ce dala ashirin, kuɗin da za ka miƙa mata an rubuta 100 a jikinsa. Ta ce dala hamsin, 250 ke nan. Jaka kuma a can 1,000 ce. Yarinyar da ke talla a can tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a ka, sau ɗari a wuni. Ta shiga aji, inda ake koyarwa da Faransanci, harshen da shi kansa tamanin a cikinsa "ashirin huɗu" ce, a ce mata ba ta iya lissafi ba. Wa ya kasa a nan, ita ko mu?

Sai na zaure, wato abajada. Kowane harafin Larabci da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har ya 10, kaf 20, a haura. Sunan Muhammad, mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ya ba da 92. Malaman ƙasar nan lissafin Magrib suka bi, inda shin ce 1,000, saɓanin na Gabas inda gain ce 1,000. Da wannan malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, suke rufe waƙoƙinsu da ramzi, wato kalmar da in ka tara haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, 1218, wadda ta zo daidai da 1804, haruffanta shin da ra da ya da ha ne. Ku lura, abajada irin ta Misirawa ce, tarawa ake yi, babu gurbi, babu sifili. Shi ya sa mawaƙi ke iya jujjuya haruffan har su ba shi kalma mai daɗin faɗi, adadin bai canja ba. Gwada jujjuya 1218 ka gani, ta zama 8121.

Kuma muna da wanda za mu nuna wa yara mu ce naku ne. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mafi sauƙin irin wannan hatimi shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Na ga wasu malamai sun gyara zama. Ku kwantar da hankalinku, ba duba na ce a koya wa yara ba, ba kuma tsubbu ba. Lissafin da ke ciki nake magana, kuma lissafi ne tsantsa. Ka ba yara lambobi 1 zuwa 9 ka ce su nemo wannan jeri da kansu, za su yi tarawa fiye da sau hamsin ba wanda ya yi hamma.

Na shida, ƙidayar na'ura. Kwamfuta da wayar da ke aljihunku alama biyu kawai suka sani, 0 da 1, domin abin da ke cikinsu 'yan mitsi-mitsin makunnai ne, ko dai a kunne ko a kashe. Gurabensu ba ɗaya, goma, ɗari ba ne. Ɗaya ne, biyu, huɗu, takwas, sha shida, kowane ninkin na bayansa. Bajamushe Leibniz ya wallafa bayanin wannan tsari tun 1703, babu ko wutar lantarki. Yaranmu suna haɗuwa da shi a sakandare, a matsayin "yi ta rabawa da biyu kana rubuta saura", su yi, ba su san me suka yi ba.

Ga yadda ɗan aji biyar zai gane shi. Fito da yara biyar gaban aji, ka ba su kwali mai lamba 16, 8, 4, 2, 1, a jere daga hagu. Wanda ya miƙe, lambarsa ta shiga lissafi, shi ne 1. Wanda ya tsuguna, shi ne 0. Ka ce a ba ka 13. Za a yi ta hayaniya, daga baya mai 8 da mai 4 da mai 1 su miƙe, sauran su tsuguna. A rubuta a allo: 01101. Da yara biyar za a iya fitar da kowace lamba daga 0 zuwa 31, kuma kowace hanya ɗaya tak gare ta. Da yatsun hannu biyu ana kaiwa 1,023. Daga nan ka tambaye su me ya sa katin ajiyar waya yake zuwa 8, 16, 32, 64, 128, ba a cika ganin mai 50 ko 100 ba. Su za su ba ka amsa.

Yanzu ku riƙe 13 ɗin nan, mu koma wurin Ahmes. Misirawa ba su hardace jadawalin sau ba. In za su ninka 13 da 24, sai su yi ta ninka 24 biyu-biyu: ɗaya 24, biyu 48, huɗu 96, takwas 192. Sai su duba waɗanne ne za su haɗu su ba da 13: takwas da huɗu da ɗaya. Su tara 192 da 96 da 24, amsa 312. Takwas, huɗu, ɗaya: yaran nan uku ne da suka miƙe tsaye. Dabarar da magatakardan Fir'auna ya yi aiki da ita shekara 3,500 da suka wuce, ita ce ke cikin wayarku. Don haka ni ban yarda a raba darasin gida biyu, a ce wannan na da ne, wannan na zamani ba. A rana ɗaya ya kamata yaro ya gan su.

Na bakwai, yaya za a yi wannan a ajin da ke da yara tamanin, ba littafi, wani lokaci ba ko benci? Wannan ce tambayar gaskiya, kuma ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Amma kayan aikin ba na saye ba ne. Kara, tsakuwa, murfin kwalba, igiyar rama, yumɓun bakin rafi.

A aji ɗaya zuwa uku, kada a ambaci Masar ko Babila ma. A tsaya kan dami da gomiya. Kowane yaro ya zo da tsinken kara, goma-goma a ɗaure, dami goma a haɗa babban dami. Ka ce a cire 17 daga 52. Yaron da ya saba rubuta 45, don ya ga 7 ta fi 2 sai ya juya su, yanzu ga dami biyar da tsinke biyu a gabansa, an ce ya ba da bakwai. Ba yadda zai yi sai ya kwance dami ɗaya. Da ya kwance, ya ga sha biyu a warwatse, dami huɗu a ɗaure, amsa 35 ta fito. Wanda ya kwance dami da hannunsa ba ya mance dalilin da 5 ta koma 4. Daga aji huɗu a shigo da Misirawa da Romawa. Aji biyar da shida, agogo da dala da abajada da wasan miƙewa da tsugunawa. Kuma sau ɗaya a zango, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirƙiro alamominsa da tsarinsa, ya rubuta lamba ya aika wa wani rukuni ya warware. Za ku ga wasu sun ƙirƙiro sifili da kansu don dole ta sa su.

Ina da roƙo biyu. Na ɗaya, don Allah kada wannan ya zama sabon kayan hadda. Ranar da na ga takardar jarrabawa tana tambayar ɗan aji huɗu shekarar da Brahmagupta ya rubuta littafinsa, na san mun ɓata abin. Shekarun da na ambata don ku ne, malamai. Yaro labari yake so da abin taɓawa. Abin da za a gwada shi a kai shi ne ko ya iya bayyana bambancin 105 da 150 da 1,005. Na biyu, a bar yara su yi bayani da harshen da suke tunani da shi. In yaro ya faɗi dalili daidai da Hausa, ya gane, Turancin zai biyo baya. Ku kuma iyaye, aikin gida na farko naku ne: a tura yaro wurin kakarsa ya tambayo taro nawa ne a sule, sule nawa ne a fam, ya zo aji ya koya wa sauran.

Shugaba, na ga lokaci ya yi.  Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kauce a yafe mini a gyara mini. Mai tambaya ko ƙarin bayani, bismillah, ya ɗaga hannu, kuma zan so a fara da malaman aji ɗaya da aji biyu, don su ke riƙe da mafi wuyar aikin.